Kafe biyu na riƙe a watan da babu sabis

Ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Kafin nan an riga an rufe kasuwannin mako-mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka. Ni lokacin shekarata huɗu ina tsaron kafen yayana a Gusau: kwamfuta shida, firinta biyu, injin fotokwafi ɗaya mai yawan cinye takarda, da wani janareta da sai an lallaɓa shi yake tashi. Shagon intanet babu intanet, ai ka san zaman kashe wando ya samu. Masu hali suna hawa mota su tafi Sakkwato ko Zariya don kawai su buga waya ko su tura saƙo, mu kuwa muna buɗe shago da safe don kada ƙura ta cinye kayan, sai ɗan fotokwafi jefi-jefi.

A kwamfuta ta uku akwai wani gem da wani ɗalibin jami'a ya taɓa sa mana, ban taɓa kula shi ba. Sunansa Internet Cafe Simulator, wani ƙaramin kamfani mai suna Cheesecake Dev ne ya yi shi, ya fito a 2019. Ba ya bukatar sabis, don haka duk sa'ad da aka kawo wuta sai in zauna a kansa. Abin dariya, mai tsaron kafe na gaske ya koma tsaron kafe na ƙarya.

Tsarin wasan ba wuya. Ana ba ka shago kusan fayau da ɗan jari kaɗan. Kai za ka yi odar tebur da kujera da kwamfuta, ka jera su, ka sa wa awa farashi, ka sayi wasannin da kwastomomi za su buga. Suna shigowa, suna zama, suna biya, sannan su faɗi ra'ayinsu a kan shagonka. Kuɗin hayar shago yana kanka, na ɗakin da kake kwana ma yana kanka. Akwai kuma hanyoyin samun kuɗi ta bayan fage ga mai so, da sayen kuɗin kirifto, amma ni ba su ne suka ɗauki hankalina ba.

Na shiga da girman kai, ina ganin wannan ai sana'ata ce. Sau biyu ina karyewa. Da kuɗi sun ɗan taru sai in kwashe in sayi kwamfuta mai tsada don shago ya yi kyan gani, lokacin biyan haya ya zo ya tarar da ni hannu rabbana. A karo na uku haushi ya sa na yago takarda daga cikin waɗanda injin fotokwafi ya lalata, na juya bayanta, na fara rubutawa: nawa na sayi wannan kwamfutar, nawa take kawowa a yini, kwana nawa za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta, nawa zan ware wa haya kafin in taɓa komai. Nan da nan shagon ƙarya ya miƙe.

Ina cikin jin daɗi sai na ɗaga kai na dubi durowar da muke zuba ciniki, kunya ta kama ni. Shekara huɗu ban taɓa yi wa shagon Yaya abin da na yi wa wannan wasan cikin awa ɗaya ba. Mu a wajenmu kuɗi kawai su shiga durowa. Daga nan ake ɗaukar na mai, daga nan na rim ɗin takarda, daga nan na tuwon rana, daga nan kuma idan an aiko yaro daga gida karɓar kuɗin cefane. Da magariba in ƙirga abin da ya rage in miƙa wa Yaya, idan da kauri mu ce yau an yi kasuwa, idan babu mu ce Allah ya kawo gobe. Ba wanda ya san ko riba muke ci ko uwar kuɗi muke gutsura.

Yaya ya shigo wata rana ya same ni da takarduna a baje gaban allo. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, mi kaka yi haka? Duniya ta tsaya kai kana wasan yara?"

Na ce, "Yaya, lissafi nake koyo."

Ya ce, "To Allah shi ba da sa'a, Akanta." Daga ranar sunan ya bi ni.

Da aka dawo wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, abu na farko da na saya shi ne littafin rubutu na 'yan makaranta. Na ja layuka da biro, kowane aiki da gidansa: zama kan kwamfuta, firintin, fotokwafi, buga takardu, cike fom, duba sakamakon jarrabawa, lemineshin, hoton fasfo. A ɗaya shafin kuma abin da ke fita, har ruwan leda. Watan farko na sha wahala, domin hannu ya saba zarar kuɗi ba tare da ya nemi biro ba.

Abin da littafin ya nuna bayan wata uku bai yi wa kowa daɗi ba. Kwamfutoci shidan nan da muke taƙama da su, waɗanda saboda su ake kiran wurin kafe, su ne suka fi komai cin mu. Kowa yanzu intanet ɗinsa na aljihunsa, ba mai zuwa ya biya kuɗin awa don ya duba Facebook kamar da. Sau da yawa mutum ɗaya ne zai zauna, amma saboda shi an tayar da janareta, fanka na juyawa, sauran injinan biyar na kunne suna jiran wanda ba zai zo ba. Abin da ke riƙe da shagon ashe ƙananan ayyukan da muke rainawa ne. Ɗalibin da zai buga furojet ɗinsa a ɗaure masa. Wanda zai duba sakamakon WAEC ko NECO. Mai rajistar bautar ƙasa. Dattijon da aka ce ya cike fom a intanet, bai san ta inda ake farawa ba, ya zo da takardunsa a cikin leda. Rajistar JAMB kuwa dama ta koma cibiyoyin da hukumar ta amince da su, abin da ke zuwa mana sai firintin ɗin silif da makamantansa. Wato mutane ba kwamfuta suke haya ba, hannuna da haƙurina suke biya.

Har fotokwafin ma sai da na zauna na raba kuɗin tona, wato tawadar injin, da na rim a kan adadin shafukan da suke fitarwa, na haɗa da waɗanda inji ke tauna, na gane cewa ragin da nake yi wa masu kawo littafi guda a kwafe musu ya wuce ribar baki ɗaya. Ina ganin kyautatawa nake yi, ashe kyauta nake yi.

A farkon 2022 kashi na biyu na wasan ya fito, na buga shi daga baya. An ƙara masa abubuwa: ɗaukar masu gadi, dafa wa kwastomomi abinci, 'yan daba da ke damun shago, da sa janareta saboda ɗauke wuta. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya, domin janaretan wasa da danna maɓalli ake samunsa, ba ya tari, ba ya cin filogi, ba a zuwa neman mai gyaransa ranar Juma'a a tarar ya tafi ɗaurin aure. Labarin wasan kuma shi ne kana nema ne don ka biya bashin da ake bin ɗan'uwanka. A nan ne na ga inda wasan ya tsaya, mu muka wuce. Shi bashi guda ya sani, wanda ake binka. Bai san wanda kake bin mutane ba. Kwastoman cikin allo yana tashi yake biya, ba ya cewa "rubuta, in an yi albashi," ba kuma surukin kowa ba ne.

A littafina na buɗe wa bashi shafi, ya cika ya tumbatsa. Mafi nauyi na wani malamin makaranta ne a unguwarmu, wanda ke aiko da takardun jarrabawar ɗalibansa a buga, a kwafe, shekara da shekaru, biya kuwa sai ya tuna. Na haɗa jimla, na ja layi biyu a ƙasa, na kai wa Yaya bayan la'asar ina jin kaina kamar wanda ya kama ɓarawo.

Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ka san wa ya tsaya mini aka ba ni wanga shago? Lokacin ko kuɗin wata ukku ban da su. Shi ya tai wurin mai gida ya ce in ban biya ba a bi shi."

Na ce, "Amma Yaya, tona ba ta san wannan ba."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce gaskiya ne, amma ko da wasa kada in kai wa Malam takarda.

Na kwana ina juya maganar. Har yau ina ganin akwai sakaci a yadda muke ba da bashi, kuma da yawa daga cikin masu cewa a rubuta ba wani alheri da suka taɓa yi wa kowa, sun dai gane ba ma tambaya ne. Waɗannan na bi su, cikin mutunci, wasu suka biya, wasu suka sauya hanya, na kuma huta da su. Amma na Malam daban ne. Kuskurena shi ne na sa shi gida ɗaya da su. Sai na sake jan wani layi a littafin, na rubuta masa "na Yaya" a sama. Duk aikin da Yaya ya ce a yi kyauta, nan yake shiga da cikakken kuɗinsa. Ba a bin kowa, amma a ƙarshen wata ana ganin nawa ya tashi, kuma daga kason Yaya yake fita, ba daga kuɗin takarda da mai ba.

Amfanin littafin na gaske sai a 2023 ya bayyana. Da farko ƙarancin takardun naira ya sa kowa ya koma taransifa, kuɗi suka daina shiga durowa, da ba a rubutawa da ba mu san wa ya biya ba. Sannan ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, lita da ke ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Na buɗe wa Yaya shafukan wata ashirin, ban yi dogon bayani ba. A makon nan muka sayar da kwamfuta huɗu, muka cika kuɗi muka sa sola da batir wanda zai ɗauki biyun da suka rage da ƙaramar firinta. Janareta sai idan babban injin fotokwafi zai yi aiki mai yawa. Inda teburan suka tashi muka sa benci, masu jiran a cike musu fom suke zama.

Yanzu littafi na biyar nake ciki. Ranar Asabar da ta wuce na fita sallar azahar, na dawo na tarar Yaya ya yi wa wata tsohuwa fotokwafin katin asibiti, ya ƙi karɓar kuɗinta. Biro na hannunsa, ya sunkuya kan littafin yana bin layuka da yatsa.

"Akanta," ya ce, "ina gidan nawa yake?"