Abin da XSLT ya koya mini game da samfurin da ke kiran kansa

Duk wanda ya saba da Java ko Python, in ya shigo XSLT, wato yaren da ake sauya fayilolin bayanai na XML zuwa wani tsari da shi, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne xsl:variable, ma'ajin da ake ajiye abu a ciki. Da zarar ka zuba masa abu, shi ke nan, ba ya sake canzawa. Don haka dabarar nan ta buɗe ma'aji fanko, a riƙa liƙa masa kalmomi ɗaya bayan ɗaya a cikin xsl:for-each, umarnin zagaye, ba ta ci a nan. Kowane zagaye da nasa ma'ajin, kuma zagayen na ƙarewa ya ɓace. A aikina na mayar da fayilolin XML zuwa rahoto, sai da wannan ya zauna mini a kai sannan sauran matsaloli suka fara warwarewa.

A XSLT 1.0, wanda W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 1999, mafita ita ce samfuri, wato dunƙulen umarni da ake kira da sunansa, ya riƙa kiran kansa, yana miƙa ragowar aikin ta xsl:with-param. A ce rubutun shi ne "ja,kore,shuɗi". Sai substring-before ya ciro "ja", substring-after ya bar "kore,shuɗi", a sake kira. Tarkon yana wajen kalmar ƙarshe: tunda babu sauran waƙafi, duka biyun fanko suke dawowa da shi, "shuɗi" ta salwanta ba tare da wani gargaɗi ba. Dole a fara tambayar contains ko akwai sauran waƙafi, in babu a fitar da abin da ya rage a tsaya.

Shirun nan shi ya fi damuna. Idan harafi ɗaya ya kuskure a sunan da ke cikin xsl:with-param, XSLT 1.0 ba zai ce uffan ba, watsar da shi kawai zai yi, samfurin ya ci gaba da abin da aka tanadar masa tun farko. Daga nan ko aiki ya tsaya da wuri, ko kira ya yi ta bin kira har injin da ke gudanar da XSLT ɗin ya gaji. Injin xsltproc kan katse shi idan zurfin ya wuce 3000. Haka concat, mai haɗa rubutu: ka miƙa masa tarin abubuwan XML a gurbi ɗaya, na farkon kaɗai zai ɗauka, ya yi biris da sauran.

Shi ya sa yanzu ba na fara bincike da karanta lambar daga sama har ƙasa. Ina sa xsl:message a bakin samfurin, ya buga mini abin da ya shigo a kowane kira, tsakanin alamomi biyu don in ga ko tazara ta maƙale a gefe. Tambayata ɗaya ce: me ke raguwa? Idan layi na biyu daidai yake da na farko, na kama ɓarawon. Ita kuwa tazarar da ake so ta fito, a cikin xsl:text ake sa ta.

Wani lokaci lissafin daidai ne, rubutun ne ya cika tsawo. Injin Saxon na iya rage nauyin idan kiran shi ne aiki na ƙarshe a samfurin, amma ba kowane inji ke yin haka ba. Abin da ya fi amfanata shi ne raba rubutun gida biyu, a kira samfurin kan kowane rabi. Haruffa miliyan ɗaya zurfinsu kusan kira 20 ne kawai ta wannan hanya.

Kafin duk wannan, yana da kyau mutum ya duba wane inji ke hannunsa. XSLT 2.0 na 2007 ya zo da tokenize mai yanka rubutu da string-join mai haɗa shi, layi ɗaya ya gama abin da samfuri guda ke yi, kuma yana ƙin karɓar sunan da aka rubuta ba daidai ba a xsl:call-template. Na 3.0 a 2017 ya ƙara xsl:iterate, zagayen da ke miƙa abu ga na gabansa. Sai dai libxslt, wanda xsltproc ke aiki da shi, da burauzoji a 1.0 suka tsaya, don haka mai aiki da su har yanzu da hannu zai rubuta sharaɗin tsayawarsa.