Ga ɗan'uwan da ya baro Nijar zai kama aikin injin sassaƙa a Legas

Mutanenmu na Maradi da Tawa da Damagaram yawanci Agege suke fara sauka, ko Idi-Araba, wurin wani ɗan gari. A da babur ake miƙa wa baƙo. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, har da Ikeja da Surulere da Apapa, wannan ƙofa ta ƙuntata. Shi ya sa mu da muka daɗe a shagunan katako na Mushin da na masu allon talla a Shomolu muke jan ƙannenmu zuwa injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa. Ka nemi makwanci kusa da shagon, domin cunkoson hanya yana cinye asuba. Hayar ɗaki ta shekara ake biya gaba ɗaya, ban da kuɗin dillali. Turancin Buroka za ka tsinta a bakin aiki. Abin da ba a tsinta haka nan shi ne sanin inda injin ya kamata ya tsaya, kuma a nan ake korar sabon yaro.

Injin da ya fi yawa a nan ɗan Sin ne, ana ce masa 1325: milimita 1300 a layin X, 2500 a layin Y, kan da ke riƙe bakin yanka kuma yana hawa da sauka kamar 200 a layin Z. Kafintocin Legas da ƙafa da inci suke magana, ba da mita irin ta gida ba. Allon da suke kira huɗu-da-takwas shi ne milimita 1220 da 2440. Ka ga rarar da ke hannunka 80 ce a faɗi, 60 a tsawo. Ba yawa.

Birki biyu ke tsare injin. Na farko sansa ce (na'urar da ke jin isowar kai) ko makunni a ƙarshen kowane layi, idan kan ya iso ta tsayar da komai. Na biyu lamba ce da aka rubuta a cikin kwakwalwar injin, wadda ke ƙin duk umarnin da zai wuce ta. Wannan na biyun ba ya da ido. Lissafi yake daga inda aka ce masa nan ne gida, don haka idan ba a mayar da injin gida ba bayan kunnawa, lambar banza ce. Remot ɗin sarrafa injin, ƙirar RichAuto, yana tambaya da zarar ya tashi ko a koma gida. Yara masu gaggawa suna soke tambayar. Kada ka soke. Kuma a garin da wuta ke ɗaukewa tsakar aiki a tada janareto, duk ɗaukewa sai an sake komawa gida, domin motocin da ke kan yawancin waɗannan injuna ba sa tuna inda suka tsaya. Ka riƙa rubuta lambobin sifirin aikinka, wato wurin da injin ke fara ƙirga a kan allo, a littafi, su ne za su dawo da kai kan allon da ka fara yanka.

Saita lambar birki na biyun ba wuya. Kafin komai ka tabbatar tafiyar gaskiya ce: ka umarci layin ya tafi 1000, ka auna da tef. Idan 990 ya tafi, ka ninka adadin takun mota na kowace milimita da ke cikin saiti da 1000, ka raba da 990. Sannan ka koma gida, ka tura kan a hankali zuwa ɗaya ƙarshen har ya kusa taɓa ƙarfen tsayawa, ka karanta lambar da injin ke ƙirgawa daga gida, ba wadda ake ƙirgawa daga sifirin aiki ba. Ka rage 5 daga ciki, ita za ka shigar. A manhajar sarrafa inji ta Mach3 wurin yana ƙarƙashin Config, a shafin Homing/Limits, inda ake cika Soft Max da Soft Min, da Slow Zone mai sa kan ya rage gudu kafin ya kai ƙarshe. A Z sama ne sifiri, ƙasa kuma lamba ce mai alamar ragi. Ƙananan injuna masu manhajar GRBL kuwa $130 da $131 da $132 ne tsawon layukan uku, $22=1 yana kunna komawa gida, sai $20=1 ya kunna tsaron lissafi. Idan ka juya jerin zai ƙi karɓa.

Abu ɗaya da ko tsofaffin hannu ke mantawa: tsaron Z bai san tsawon bakin yankan da ka ɗaura ba. Dogon baki zai huda tebur alhali lamba ba ta cika ba.

Idan injin ya ƙi fara aiki yana kukan an wuce iyaka, mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau, fayil ne ko inda aka aza allo. Mai zane ya sa sifiri a tsakiya a manhajar zane ta ArtCAM ko Aspire, kai ka sa a kusurwa. Ko ka manna allon a kusurwar gida daidai, alhali baki mai milimita 6 da zai zagaye gefe sai tsakiyarsa ta fita da 3, kuma babu wurin. Ka matsar da allon 20 zuwa 30 ciki. Ko fayil ya ce a ɗaga kai 50 sama da allo, abin da ya rage 30 ne. Ka kuma duba farkon fayil: G21 milimita ne, G20 inci. Aikin 1220 da aka karanta da inci ya kusa mita 31. Maigida zai iya cewa ka kashe tsaron kawai, kwastoma na jira. Ka ce masa, ranka ya daɗe, minti biyar. Kan da ya daki ƙarfe yana karkatar da gadar injin, tunda motoci biyu ke jan Y, daga nan kowace ƙofa sai ta fito a murɗe. Ana gane haka ta auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, in ba su zo ɗaya ba sai gyara.

Mai ban haushi shi ne tsayawa a tsakiyar tebur, nesa da kowace sansa. A GRBL ƙararrawa ta 1 ke nan, ta 2 kuwa ta lissafi ce. Ka lura da wurin. Idan kullum wuri guda yake tsayawa, waya ce ta karye cikin sarƙar robar da ke lanƙwasa da tafiyar kai. Ka sa mitar gwada waya a kanta kana murza sarƙar, za ta nuna. Idan ko'ina ne, ka kunna motar yankan ba tare da tafiya ba. Ƙararrawa ta tashi? To hayaniyar lantarki ta inbata, na'urar da ke ba motar yankan wuta, ce ke shiga wayar sansa. Maganinta a raba wayoyin biyu, a sa waya mai rigar ƙarfe a haɗa rigar da wayar ƙasa ta gefen akwatin lantarki kaɗai, a kuma kafa sandar ƙasa ta gaske, domin shaguna da yawa a nan ramin soket na uku ado ne. Ƙara Debounce a Mach3, wato ɗan jinkiri kafin a yarda da saƙon sansa, yana taimakawa, kowane ɗaya mikrosakan 40 ne, amma rufa-rufa ce idan ƙasa ba ta da kyau.

Sansa mai jin ƙarfe ba ruwanta da ƙurar allon MDF, amma ɓurɓushin alminiyon daga allunan talla yana mannewa a fuskarta ya kunna ta. Wadda aka rubuta wa milimita 4, ka bar mata tazarar 2. Makunni mai harshe shi ƙura ke toshewa. Damina a nan doguwa ce, daga Afrilu ake farawa, iskar teku kuma tana cin bakin wayoyi da tsatsa irin wadda ba mu sani ba a Damagaram. Duk sati ka busa, ka ɗaure sukurori.

Ranar da sansa ta mutu aka aike ka kasuwar kayan lantarki ta Alaba, ka tafi da tsohuwar a aljihu. Akwai NPN akwai PNP, akwai mai zama a buɗe akwai mai zama a rufe, kuma jikinsu iri ɗaya ne. Ka gwada rubutun jikinsu harafi da harafi kafin ka biya, ka sayo biyu.