Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Ranar Da Na Kai Su Inna Bakin Kogin Landan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan makon na tsaya ne a inda bizar su Baba ta fito bayan an hana su a karon farko, to yau daga nan zan ɗora, amma ku yi haƙuri sai na sake taɓo maganar Gwaggo, don in ba ita ba da ban matsa lallai sai sun zo ba.

Kun dai tuna abin da ta faɗa a gidan suna, gaban matan unguwa, gaban Inna, wai ni ba aikin nas nake yi a Ingila ba, kashin tsofaffin Turawa nake kwasa, kuma wai an ga hotona ba lulluɓi. Inna ba ta tanka ba, haka halinta yake, ta dawo gida ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki, ƙanwata ce ta gaya mini a waya. Da na kira Baba ina kuka abin da ya ce kawai shi ne "ki bari, gani ya kori ji." Wannan maganar na riƙe har wata goma sha ɗaya ina karɓar dutin dare da na ƙarshen mako ina tara kuɗin tikiti. Kuma ko da kashin ne wallahi ina kwasa, wace nas ce ba ta kwasa? Na kwasa a Birnin Kebbi tun kafin in san hanyar filin jirgi, majinyaci majinyaci ne ko Bakabe ko Bature, ban taɓa jin kunyar aikina ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an faɗe shi ne don a sunkuyar da kan uwata cikin mutane.

A watan Yunin 2023 suka sauka Heathrow, tafiyar awa shida da 'yan kai daga Abuja. Inna ta zo mini da kuka da daddawa da shinkafa 'yar gida ta fadamarmu. Kwanakin farko rigimar lokaci ce ta sha musu kai, don a wannan watan sai bayan ƙarfe tara na dare ake magariba, asuba kuma tun wajen uku ta shigo. Baba bai yarda da agogon wayata ba, a bakin taga yake tsayawa da alwalarsa sai ya ga rana ta faɗi da idonsa.

Ranar da na samu hutu muka fita tun safe daga Stratford inda muke zaune, ni da su kawai, Abban yara yana wurin aiki. Mun fara da fadar Buckingham. Gaskiya ba ta burge Baba ba. Ya daɗe yana kallon sojojin nan masu jan riga da doguwar baƙar hula, sai ya ce "to ina anka aje masu zuwa gaisuwa?" Na ce Baba nan ba a zuwa fadanci, daga bayan ƙarfe ake tsayawa a yi hoto. Ya ce fadar da talaka bai shiga ya faɗi ya yi gaisuwa ya kai kukanai, shi dai bai gane mata ba, ƙofar Sarkin Kabi ta fiye masa. Inna ita Sarauniya take tambaya, na tuna mata ai ta rasu tun Satumbar 2022, ɗanta ne a kai yanzu.

Inda nake son zuwa da labarin shi ne bakin ruwa. Ku da kuka bi ni tun kashi na farko kun san Baba ɗan ruwa ne, da gora da homa ya tashi, ya shiga Matan Fada ranar bikin kamun kifi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kakanmu kuma yana cikin waɗanda suka ga bikin 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu. Da safe kafin mu wuce fada mun leƙa kogin Thames ta kan gadar Westminster, ruwan ya janye har ana ganin laka da duwatsu a gefe, Baba ya leƙa ya ce wannan ai ko gulbinmu na rani ya fi shi. Da muka dawo bayan la'asar sai ga ruwa ya cika ya kusa kai bakin gini, kuma ya juya yana tafiya ta inda ya fito. Baba ya tsaya cak. Ya dafa ƙarfen gadar da hannu biyu, ya cire hula ya mayar, ya ce "wanga ruwa mi ya same shi? Ɗazu da munka wuce shina gangarawa, yanzu ga shi shina hawa, kuma ba a yi ruwan sama ba." Na yi masa bayanin abin da na sani, cewa kogin a teku yake zubawa, tekun kuma yana cika yana janyewa sau biyu kusan kowace rana saboda jan da wata yake yi masa, in ya cika sai ya turo ruwan kogin baya har cikin gari, a wasu ranakun bambancin yakan kai wajen mita 7. Ya ce "wata? Wanda muka duba na azumi?" Na ce shi. Ya yi shiru yana tasbihi, ya ciro ɓawon goro a aljihu ya jefa, ya bi shi da ido har ya shige ƙarƙashin gada, don ya tabbatar. Mutumin da ya san cikar gulbi sau ɗaya a shekara, in damina ta yi nisa ruwa ya haye fadama, yau ga shi yana ganin cika da janyewa tsakanin hantsi da la'asar. Mun fi minti arba'in a wurin, babban agogon nan Big Ben ya buga a bayansa ko waiwayawa bai yi ba. London Eye kuwa, lilon nan mai tsawon mita 135 da na riga na saya mana tikitinsa, Inna ta kalle shi sau ɗaya ta ce ita ba za ta hau abin da ba tsani ba, haka kuɗin suka tafi kuma ban ji zafinsu ba.

Daga kan gadar na nuna musu asibitin St Thomas da ke tsallake, na ce a wannan asibitin, tun yana tsohon mazauninsa, wata mata Florence Nightingale ta buɗe makarantar koyon jinya a 1860, kusan duk tsarin da aka koya mana daga nan ya samo tushe. Baba ya ce "mace ta kafa?" Na ce mace. Ya ce "Baffanki ya kamata shi ji wagga magana." Ban ce komai ba amma zuciyata ta koma shekarar da na gama sakandare, ranar da Baffa ya zauna a zauren gidanmu yana cewa karatun 'ya mace a madafa yake ƙarewa, a bar ɓarnar kuɗi a yi mini aure. Baba ya sayar da buhu shida na shinkafar da ya aje don ci ya biya mini kuɗin makaranta, shekarar har tuwon dare sai da aka rage. Shi Baffan yau 'ya'yansa mata biyu suna makarantar da na yi, ni nake turo kuɗin littafinsu, bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba, ita ma Gwaggo haka. Gani ya kori ji, in ji Baba, to sun gani ai.

Wajen ƙarfe shida muka gangara tashar Westminster don mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, lokacin an tashi daga aiki mutane kamar ranar kasuwa. Tashar tana da zurfi sosai, matakalar lantarki bayan matakala, kuma a layin da za mu bi akwai ƙofar gilashi a bakin dandamali ban da ta jirgin. Na riƙe hannun Baba saboda gwiwarsa, na ce Inna ta kama mayafina. Jirgi ya tsaya, aka turo mu ciki, ashe a cikin turereniyar mayafin ya suɓuce mata. Ina juyowa ƙofa tana rufewa, Inna tana waje.

Ni ce 'yar fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini, ko "'yar nan", in tana ba wani labarina ta ce "waccan ta Ingila". Ko ranar da za a kai ni ɗakin miji ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ina yarinya har kuka na sha yi a ɓoye ina ganin ƙannena ta fi so, sai da na girma na gane kunya ce irin ta iyayenmu. To a wannan ranar, ta cikin gilashi biyu, da ƙarar jirgi da hayaniyar mutane, na ji Inna ta ƙwala kiran sunana, sunan yanka, har sau biyu, tana dukan gilashin da tafin hannu.

Waterloo ce tasha ta gaba, minti biyu bai cika ba amma ban san yadda na kai ba, jikina rawa yake. Baba ne ma yake cewa in natsu, Innarku ba ta gusawa daga inda anka bar ta. Muka tsallaka ɗaya ɓangaren muka hawo mai dawowa. Tana nan kuwa daidai inda muka bar ta, ta rungume jakarta a ƙirji, wata ma'aikaciyar tashar baƙar fata tana tsaye kusa da ita tana mata magana a hankali duk da ba mai jin yaren wani. Na rungume ta ina kuka. Ta ɗan ture ni kaɗan, ta gyara lulluɓinta, ta kalli gefe ta ce "ke, mutane na kallo."

Har muka isa Stratford hannunta yana damƙe da gefen mayafina, ta nannaɗe shi a yatsu biyu. Baba ya dube ta ya dube ni bai ce uffan ba. Ba ta sake kiran sunan ba har suka koma gida, yau shekara ta zagayo da wani abu ban sake ji ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar da na kai su asibitin da nake aiki, da hoton da Baba ya sa aka ɗauke mu ni da yunifom da hijabina, ya ce a tura wa Gwaggo kafin kowa.