Saƙon Godiya ga Waɗanda Suka Daidaita Wutar Injin Motata

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga dattijon bakaniken da ya raba ni da wahalar da motata, Peugeot 504, ta daɗe tana ba ni a hanyar Kano zuwa Kaduna.

Tun da aka kankare kan injin aka kuma sauya masa kabireta, motar ta yi ƙarfi a cikin gari, amma da zarar na miƙe hanya na tsaya a kilomita 100 a awa, sai zafi ya hau, ta riƙa shan mai da yawa, idan kuma na taka totur a hawa sai injin ya yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. An wanke lagireto, an canza fulogi, ba ta sake zani ba. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita sai mutum ya ji ta a jikinsa.

Baba bakanike ya ƙi saita tayimin, wato lokacin da wuta ke tashi a fulogi, da kunne kawai mota na tsaye. Ya ɗauko fitilar tayimin, ya bayyana mini cewa dole wuta ta tashi kafin fistan ya kai ƙololuwa, domin mai yana ɗaukar lokaci kafin ya ƙone, kuma digiri 8 zuwa 10 na juyin inji kafin ƙololuwar da ke isar irin wannan inji a tsaye ba ya isar sa idan yana juyi sama da 3,000 a minti. Ƙarafan nauyi da sifirin da ke cikin distiribita, mai raba wa fulogi wuta, su ne ke ƙara gaggauta wutar gwargwadon gudun inji. Amma a doguwar tafiya, inda ƙafa ba ta danne totur sosai ba, mai da iskar da ke shiga silinda kaɗan ne, ƙonewarsu kuma a hankali take, saboda haka suna bukatar ƙarin digiri 10 ko fiye, wanda ɗan gwangwanin da ke gefen distiribita ke bayarwa ta hanyar zuƙar iskar kabireta. A motata an toshe tiyon gwangwanin nan, an murɗa distiribita gaba don a cike giɓin, alhali kankare kan inji ya ƙara matsi, matsin kuma ba ya son wuta ta yi saurin tashi a ƙarƙashin nauyi. Shi ya sa wutar ke makara a shimfiɗaɗɗiyar hanya, take kuma yin gaggawa a hawa.

Ya mayar da tiyon, ya ja tayimin baya kaɗan, sannan ya shiga motar da kansa muka nufi Zariya, yana saurare, muna tsayawa yana gyarawa, har ƙarar ta ɓace, allurar zafi ta zauna a wurinta. A ganina wannan fitar da ya yi, da shekarunsa, ita ce ta bambanta aikinsa da na sauran.

Ina kuma gode wa yaran garejinsa da suka kwance distiribita suka wanke ta ba tare da ƙorafi ba, da direban tashar da ya nuna mini wurin, da iyalina da suka yi haƙuri da tsaye-tsayen bakin hanya cikin rana. Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya, Ya yi wa sana'arka da zuriyarka albarka. Amin.