Alamar + da = a tsohon fayil ɗin Sass: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, aikin wannan zagaye shi ne karanta foldar salo ta wani tsohon shafi da aka gina da Sass (harshen rubuta salo da ake juyawa zuwa CSS) da Compass (tarin kayan aikin da aka gina a kan Sass), sannan a sa ta fito da CSS a kan Dart Sass, manhajar Sass ta yanzu. Fayilolin da `.sass` suka ƙare, ba `.scss` ba. Babu baka mai lanƙwasa, babu waƙafi mai ruwa, tura layi ciki ne kawai ke nuna wa ke ƙarƙashin wa. Wannan ne rubutun Sass na asali tun 2006, wanda ya ɗauko tsarinsa daga Haml, wani harshen rubuta HTML. SCSS da yawancinmu muka fara da shi sai a Sass 3.0 ya zo, a 2010.

Abin da ya fara tsayar da karatu shi ne layuka irin waɗannan:

```sass
=akwati($kauri: 1px)
  border: $kauri solid #ccc
  padding: 12px

.sanarwa
  +akwati(2px)
  color: #333
```

Babu wani sihiri a nan. `=akwati` gajeren `@mixin akwati` ne, `+akwati(2px)` kuma gajeren `@include akwati(2px)`. Mixin tarin layukan salo ne da ake ba suna don a riƙa kiransa a wurare daban-daban. Da `=` ake ƙirƙira, da `+` ake kira. Dart Sass har yau yana karɓar su, amma a fayil ɗin `.sass` kaɗai. Ka kwafe `+akwati` ka zuba a `.scss`, zai ɗauka mazaɓi (selector, irin `.sanarwa`) ka fara rubutawa, ya tsaya yana neman baka. In akwai layuka da aka tura ciki a ƙarƙashin layin `+`, su ne ke shiga gurbin `@content` na mixin ɗin, abin da ya shigo a Sass 3.2. A kan mixin na `@media` aka fi ganin haka.

Inda matsalar take da gaske ita ce tazara ɗaya tak bayan alamar tarawa. A CSS, `+` na nufin abin da ke bin wani kai tsaye, kuma `.sass` bai kori wannan ma'anar ba. Da tazara yake rarrabewa:

```sass
h2
  + p
    margin-top: 0
```

Wannan yana fitar da `h2 + p`. Cire tazarar ya zama `+p`, sai Sass ya tafi neman mixin mai suna `p`, ya dawo da `Undefined mixin.` Wannan da sauƙi, tun da ya tsaya ya nuna maka layin. Akasinsa ne mai wahalarwa. Wani ya rubuta `+ clearfix` da tazara, ko manhajar gyara rubutu ta saka masa ita don tana ganin lissafi ne. Sass zai ɗauke shi mazaɓi marar komai a ƙarƙashinsa, ya ba da gargaɗi, ya wuce. CSS ya fito lafiya lau, shafi kuma ya karkace. A tsohon aiki irin wannan gargaɗi yakan cika tagar umarni, don haka wanda ya shafe ka sai ya nutse a cikinsu. A zuba su a fayil da `2> gargadi.txt`, a karanta a natse. Ita `=` ba ta da wannan rigimar: `=akwati` da `= akwati` duk ɗaya ne.

Sai dai `=` tana da wata tsohuwar ma'ana a fayilolin da suka girmi Sass 3.0:

```sass
!fadi = 960px
!launi ||= #06c

#shafi
  width = !fadi - 20px
  :color red
```

A nan alamar motsin rai ce ke aikin da `$` ke yi yanzu, `||=` ita ce `!default` ta yau, `=` da ke tsakiyar layi kuma tana cewa a lissafa abin da ke dama. Ruwa biyu a gaban sunan sifa, kamar `:color red`, shi ma tsohon salo ne na `color: red`. Dart Sass bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Da hannu ake gyara su: `$fadi: 960px`, `$launi: #06c !default`, `width: $fadi - 20px`. A sa ido musamman a kan masu ruwa biyu a gaba, domin wasunsu kama suke da mazaɓi, suna iya ɓacewa da gargaɗi kawai ba tare da aiki ya tsaya ba. Ƙa'idar karatun dai a taƙaice: `=` a farkon layi mixin ne, a tsakiya lissafi ne.

Bayan an gane alamomin, sai tambayar da ta fi cin lokaci: wannan mixin ɗin a ina aka ƙirƙire shi? Ga yadda aka fitar da sunan duk wanda ake kira, da yawan kiransa:

```
grep -rhoE "^[[:space:]]*\+[A-Za-z0-9_-]+" sass/ | tr -d ' \t+' | sort | uniq -c | sort -rn
```

Sai a bi kowane suna a nemo asalinsa, ana haɗa `=` da `@mixin` a nema ɗaya, tun da folda ɗaya kan ƙunshi salon biyu. A nan akwai tarko. A wurin Sass, karan ɗori da karan ƙasa a cikin suna abu ɗaya ne, wato `+jerin_menu` zai kira `=jerin-menu` ba gardama. grep kuwa bai san da haka ba, zai ce maka babu. A rubuta `jerin[-_]menu` a wurin neman.

Sunan da ba a samu a foldar ba, kusan kullum daga Compass yake. Shaidarsa fayil ɗin `config.rb` a gindin aikin, da layi irin `@import compass/css3` a saman babban fayil. An daina kula da Compass, kuma da Ruby Sass, tsohuwar manhajar Sass, yake tafiya, wanda shi ma aka rufe a Maris 2019. Ke nan mafita ita ce a sake rubuta 'yan mixin ɗin da ake amfani da su a fayil ɗaya, misali `_gado.sass`, da sunayensu na da, don kada a taɓa sauran fayiloli.

A nan ne ya kamata a rage gudu, domin kama da wane ba ta wane. `+clearfix` na Compass ba shi ne clearfix da aka saba gani a darussa ba. Nasa `overflow: hidden` ne da `*zoom: 1` don tsohon Internet Explorer. Mai amfani da `:after` da `clear: both` sunansa `+pie-clearfix`. In ka maye na farko da na biyu, duk abin da `overflow: hidden` ke yankewa zai leƙo waje: hoton da ya fi akwatinsa faɗi, inuwa, gefen da ya zarce. In ka yi akasin haka, menu mai saukowa ne zai guntule a bakin akwatinsa. A ganina gara a fara kwafe halin na da daidai, har da abin da ba ka so, sai an tabbatar shafi bai motsa ba sannan a gyara. Haka `+border-radius` da aka kira babu ƙima ba kuskure ba ne, Compass na ba shi 5px da kansa, don haka sabon ya zama `=border-radius($r: 5px)`. Layukan `-webkit-` da `-moz-` da yake ƙarawa a nan ana iya barinsu, burauzar yau ba ta buƙata.

Awon da aka dogara da shi shi ne tsohon CSS da shafin ke aiki da shi. A ajiye kwafinsa da sunan `tsoho.css` tun kafin a taɓa komai, sannan bayan kowane gyara:

```
sass --no-source-map --style=expanded sass/main.sass sabo.css
grep -v '/\* line' tsoho.css > tsoho-tsaf.css
diff -u tsoho-tsaf.css sabo.css
```

Layi na biyu yana share bayanan `/* line 12, ... */` da Compass ke sakawa a saman kowace ƙa'ida. Kafin a share su a duba su, domin suna faɗin fayil da layin da kowace ƙa'ida ta fito, wanda ya fi grep sauri. In tsohon a matse yake a layi ɗaya, a wuce da fayilolin biyu ta Prettier, manhajar jera rubutu, tukuna, in ba haka ba diff zai ce komai ya bambanta.

Ga wanda fayil ɗinsa ba `.sass` ba ne, kada ya ɗauki abin da ke sama ya ɗora. A Stylus, mai `.styl`, `+wayar-hannu()` na kiran mixin mai karɓar tarin layuka a ƙarƙashinsa, mixin na yau da kullum kuma ana iya kiransa kamar sifa, `border-radius 5px`, har ba ka gane mixin ne ba sai ka duba CSS da ya fito. A Less, irin na Bootstrap 3, `.clearfix();` a cikin ƙa'ida kira ne, `.clearfix;` ma kira ne a tsohon salo, `#gradient > .vertical(...)` kuma mixin ne da ke zaune a cikin `#gradient`. Waƙafi mai ruwa da za ka gani a ƙarshen cikin baka ba kuskuren hannu ba ne, yana sa a ɗauki jerin da ke da waƙafi a matsayin ƙima ɗaya.

Zuwa yanzu foldar na fitar da CSS a Dart Sass, bambancin da diff ke nunawa kuma na layukan tsofaffin burauza ne kaɗai. Ba a juya ta zuwa SCSS ba, kuma ba dole ba ne. Mai so, `sass-convert -F sass -T scss` na yi, amma a cikin Ruby Sass yake, Dart Sass bai zo da shi ba. Abin da ya rage gargaɗi biyu ne: rabawa da `/`, wadda `math.div` ta maye tun siga 1.33.0, da `@import` da aka fara yi wa gargaɗi a 1.80.0. `sass-migrator division` da `sass-migrator module` ne za su yi wannan a zagaye na gaba, kuma bayan na biyun kiran zai koma `+gado.clearfix`, da sunan fayil a gaba.