Katin Sallah na Hajiya Kaka

Jiya da la'asar aka ɗauke wuta, yara suka dame ni da ƙorafi, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ce mu yi wa Hajiya katin barka da Sallah. Kayan aikinmu kwalin sabulu ne da almakashi da ƙyallayen atamfar da tela ya dawo mana da su. Gam ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, na dama fulawa da ruwan zafi muka ci gaba.

Babbar, 'yar shekara 7, ta zana masallaci da jinjirin wata, tana yi tana cije leɓe. Shi kuwa autana ya kafe sai ya zana rago. Na ce ƙaramar Sallah ce, ba a layya. Ya ce ai na Kaka ne. Rago mai ƙafa shida, jama'a!

Hajiya ajami take karantawa, don haka jikar ce ta karanta mata. Ta daɗe tana kallon ragon, sannan ta ce, "Maigida, wannan ne duk cefanen Sallar tawa?" Yanzu haka katin yana jikin madubinta, har yau ƙanshin sabulu yake.