Inda layin mota ya ƙare, nan ake shan iska

Wallahi abun da na lura da shi game da mu mazauna babban birni shine da an ce a fita shaƙatawa sai hankali ya tafi mol ko wani wuri mai tsada, in aljihu ba nauyi kuma sai a ce a bari sai an yi albashi, albashin ya zo ya wuce ba a je ko'ina ba. Alhali kusan duk babban birnin da ka sani akwai dutse ko daji ko ruwa a bayan gari da za ka je da safe ka dawo kafin magariba.

Ni dai dabarata ɗaya ce, ina buɗe taswira a waya in bi layin bas ko jirgin ƙasa da yatsa har inda ya ƙare, in ga me ke wajen. Don a irin wannan fitar ba kuɗin shiga ne ke karya mutum ba, shatar mota ce, da ka ɗauki shata to zancen araha ya ƙare kenan.

Duba Kuala Lumpur misali, kogon Batu bai wuce kilomita 13 daga gari ba, jirgin ƙasa na 'yan zuwa aiki ne zai sauke ka a bakin wurin, babban kogon shiga kyauta, abun da za ka biya kawai gwiwarka ce don matakala 272 ne, ga birai da in ka yi sake sai su fizge ledar hannunka. A Tokiyo kuma Dutsen Takao ne, tsayinsa mita 599, kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga tashar Shinjuku da ke cikin gari, yara da tsofaffi duk hawa suke. Oslo ma ta fi ba ni mamaki, jirgin cikin gari ne fa, layi na 1, yake hawa da kai har Frognerseteren ya ajiye ka a bakin daji, da tikitin da kake zuwa ofis da shi. Mutanen Faris suna da dajin Fontainebleau, minti 40 haka daga tashar Gare de Lyon. Akara na da lambun Aburi a kan tudu tun 1890, iskar can daban da zafin gari. Dakar kuwa jirgin ruwa za ka hau kamar minti 20 sai ga ka a tsibirin Gore, babu mota ko ɗaya a ciki, sai dai shi ba wajen wasa da dariya ba ne sosai saboda tarihin cinikin bayi da ke tattare da shi.

Amma fa kusa ba shi ne araha ba. Gandun dajin Nairobi da aka kafa 1946 yana manne da gari, kana kallon raƙumin dawa kana hango benaye a bayansa, abun sha'awa kam, to amma ba a yawo a ƙafa cikin zakuna, dole sai da mota, kuma baƙo daga waje kuɗinsa ya ninka na ɗan ƙasa sosai. Irin wannan sai an haɗu an yi karo-karo.

In za ka iya, je tsakiyar mako, ranar hutu kowa ma tunaninku ɗaya. Ka riƙe ruwanka daga gida, takalmi mai kama ƙasa, ka cika cajin waya, in damina ce kar ka matsa bakin ruwa don ɗaukar hoto, duwatsun santsi gare su.

Sannan da saukarka, kafin komai, ka tambayi ƙarfe nawa motar ƙarshe take komawa. Ni na taɓa shagala da kallon faɗuwar rana a kan dutse, na sauko na tarar da tasha wayam ba kowa sai wani mai tasi ɗaya yana ta murmushi, abun da ya karɓa a hannuna ranar ya kai kuɗin fita uku.